Ƙwayoyin da Ke Riƙe da Bango

Ranar Litinin likitan hanji ya ce ya ba su zuwa Alhamis. In zawon bai tsaya ba, za a shiga da Baba ɗakin tiyata, a cire babban hanjin gaba ɗaya, a fito da bakin ƙaramin ta gefen ciki, a manna masa jaka a wurin. A tsaye ya faɗi maganar, a bakin ƙofar ɗakin da aka kwantar da Baba, fayil a hammata, yana duban Auta, ƙaramar 'yar Baba, don ita ake sa ran za ta gane.

Ta kuwa gane. Shekara tara ta yi a wata ƙasa mai nisa tana karatun hanji, ta dawo da takardar da ta sa dangi suke ce mata likita, alhali ba ta taɓa ɗora hannu a cikin majiyyaci ba. A wannan asibitin take aiki, amma a hawa na ƙasa, a ɗakin gwaje-gwaje mara taga. Baba, in yana jin raha, Likitan Kwalba yake ce mata. Kwanan nan ba ya jin raha.

Gyambon hanjin ba sabo ba ne. Shekara ashirin Baba yana tare da shi, har ya san halinsa: ya tashi wata ɗaya, a sha magani, ya kwanta shekara. Da shi a ciki ya gina tankunan ruwan da ya gina, na siminti, a gidaje da makarantu, har ƙarfi ya ƙare ya ajiye cokalin gini. Wannan tashin ne ya zo daban. Wata biyu ke nan, sau goma sha biyu a wuni, wani lokaci da jini. Mutumin da yake saɓa buhun siminti a kafaɗa ɗaya, yanzu agogonsa yana zamewa har gwiwar hannu.

"Bari in sake tambaya," in ji likitan. "Ban da abin da na rubuta, yana shan wani abu? Jiƙo, ko gari, ko abin da maƙwabta suka kawo?"

Yaya ce ta amsa. Ita ce babba, tela ce, ta rufe shagonta tun ranar da aka kwantar da shi, ta tare a kujerar roba da ke gefen gadon.

"Babu, likita. Komai da hannuna nake ba shi. Mu ba ma karɓar maganin hanya."

Likitan ya gyaɗa kai irin na wanda ya gaji da jin wannan amsar, ya wuce gado na gaba.

Washegari da rana Auta ta hau sama da kwanon shinkafa mai ruwa-ruwa, wadda ta san ba ci zai yi ba. Ta tarar Yaya ta buɗe jakar hannunta, ta zaro wani katin magani, ta ɓallo kafso ɗaya, rabi ja rabi rawaya, ta miƙa wa Baba da kofin ruwa. Ya haɗiye ba musu, shi da sai an yi ta lallami kafin ya sha na likita.

Auta ta ajiye kwanon. "Yaya, wannan fa?"

"Naki ne mana."

"Nawa kamar yaya?"

"Wanda kika ce kada ya rabu da shi."

Ta karɓi katin ta juya bayansa. Maganin kashe bakteriya ne, irin wanda ba ya zaɓe, duk abin da ya tarar a hanji sharewa yake yi. Na kwana bakwai ne, in ya yi yawa goma.

"Tun yaushe yake sha?"

"Tun cire haƙorin nan." Yaya ta ƙirga da yatsu. "Sati tara. Safe, rana, yamma, ko sau ɗaya ban tsallake ba. In ya ƙare, in je kemis ɗin kwanar gida in sayo wani."

"Jiya likita ya tambaye ki."

"Jiƙo ya tambaya, da na maƙwabta. Wannan ai likitar gida ce ta ce a sha."

Auta ta zauna a bakin gadon da ba kowa a kai. Ba ta sha wahalar tunawa ba. Wata Asabar ce, kwana biyu da cire masa haƙori, ta je gaishe shi. Yana zaune a teburin falo, kumatu a kumbure, kofin shayi a gabansa, katin kafson da likitan haƙori ya ba shi a gefen kofin. Ya yi mata tambayar da yake yi duk bayan 'yan watanni: wai ita me take yi ne a ƙarƙashin ƙasar nan da har ake kiransa aiki? Kullum ce masa take yi bincike, ya ce Allah ya sa a samu, a bar zancen. Ranar sai ta ce bari ta gwada.

A kanta bayanin yana nan cif, amma da wani harshe, kowane abu da sunansa. Da ta zo juyo shi, sunan farko ma ya gagare ta. Bakteriya dai ƙwayoyin cuta ake ce musu, ita kuma waɗanda take nufi ba cuta suke yi ba. Sai ta yanke wa sunan wutsiya.

"Baba, ƙwayoyin nan su ne suke riƙe da bangon hanjinka," ta ce. "Suna sakin wasu 'yan ƙunshi da suke liƙe duk inda ya tsage. Ranar da ka rasa su, hanji zai fara yoyo."

Tana magana tana ƙwanƙwasa tebur da yatsa, kamar yadda take yi in tana koyar da ɗalibai. Tsakanin yatsan da katin bai kai taƙi ɗaya ba. Baba ya dubi wurin, ya jinjina kai, ya ce to, yau ya ji magana. Ta koma gida tana jin daɗi, wai ta fahimtar da shi.

"Baba," ta ce yanzu, "ba waɗannan nake nufi ba."

Ya buɗe ido ɗaya. "Da bakinki kika ce ƙwayoyi."

"Na ce. Amma ba na sha ba. Na cikin ciki, masu rai."

"Tsutsa?"

"A'a. Sun fi tsutsa ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsu. Su ne ake ce wa ƙwayoyin cuta, amma..."

"To." Ya mayar da idon ya rufe. "Ƙwayoyin cuta ne suke gadina."

"Wasu daga cikinsu."

"Ke tela, kin ji ƙanwarki? An tura ta karatu shekara tara, ta dawo ta ce ɓarawon shi ne maigadi."

Yaya ba ta yi dariya ba. Katin da ke hannun Auta take kallo.

"Sunan ne bai dace ba," in ji Auta. "Wanda ya raɗa musu shi, miyagun kawai ya sani. Yawancinsu zaman lafiya suke yi da kai, suna ci a cikinka, suna yi maka aiki. Kafson nan kashe su yake yi. Sati tara kana kashe su. Waɗanda suka rage masu taurin kai ne, su suka samu fili, kuma ina jin su ne suke sa ka wannan zawon."

"Kina ji."

"Sai an gwada."

"Ran nan kafso ne yake riƙe da bango. Yau kafso ne yake rushe shi. Jibi kuma me zai zama?" Ya gyara kwanciya da ƙyar. "Ni abin da na gani na sani. Ranar da ya ƙare ba a sayo da wuri ba, wuni ɗaya tak, sau goma sha biyar na zaga."

"Ko da ka sha, haka za ka yi."

"Ke kika zaga ko ni?"

Auta ta juya katin a hannunta.

"Mutumin nan wuƙarsa yake wasawa," in ji Baba. "Abu ɗaya ya rage tsakanina da jakar nan, shi kuma kin zo ki karɓe. Riƙe katin, na ba ki."

Ya ɗora tafin hannu a aljihun ƙirjin rigarsa. Auta ta ji ƙarar takardar magani a ƙarƙashin hannun. Ashe yana da nasa ajiyar.

A baranda, kusa da kwandon shara, Yaya ta jingina da bango ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa.

"Da hannuna na ba shi," ta ce.

"Ni na faɗa, Yaya."

"Ke sau ɗaya kika faɗa. Ni sau uku a wuni, har da sa ƙararrawa a waya." Ta mayar da takalmin. "Me ya hana ki ce bakteriya, yadda kuke faɗa a can ƙasa?"

"Bai san kalmar ba."

"Ai da ya tambaya. Baba in bai san abu ba sai ya ishe ki da tambaya. Kin ba shi kalmar da ya sani, me zai tambaya?"

Auta ta sami likitan a ofishinsa yana cin burodi a tsaye. Ta ajiye katin a kan tebur, ta faɗa masa duka, har da yatsa da kofin shayi. Bai yi mata faɗa ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido, ita kuwa da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Za mu aika bayan gidansa a gwada yau," ya ce. "Sakamako sai Alhamis da safe. In abin da nake zato ne, kuma ya daina shan wannan ɗungurungum, zan ɗaga aikin sati biyu mu ga abin da hanjin zai yi. In kuwa yana haɗiya a bayan idona, ba zan zauna jiran hanji ya fashe ba."

"Yana da wasu a aljihu."

"Ba zan sa nas ta caje aljihun dattijo ba. In an ƙwace ma, masu zuwa dubiya sun fi goma, ɗaya zai aika. Sai dai ya bari da kansa. Mahaifinki ne, malama. Ke kika sa shi, ke za ki hana shi."

Ranar Laraba da safe ta sauka ɗakin aikinta. Fitilu farare, firiji uku suna gurnani, ga warin sinadarin goge tebur. A kusurwa akwai akwatin ɗumi, wanda zafinsa daidai yake da na jikin mutum. Ta sa safar hannu ta buɗe shi ta fito da faranti ɗaya, na roba mai haske, girman tafin hannu, mai ramuka goma sha biyu. A kowane rami an rataya ɗan kofi, gindinsa rariya ce mai laushin gaske, a kan rariyar kuma fatar hanji ce da ta raina, shimfiɗa ɗaya tak. Sati uku take ɗauka kafin ta haɗe ta zama bango. Sati ukun nan Auta kullum sai ta leƙa ta, duk kwana biyu ta canza mata ruwa, har ranar da aka kwantar da Baba ba ta fasa ba.

Shekaranjiya ta zuba wa duka goma sha biyun abin da yake sa hanji kumburi. Shida daga ciki ta ƙara musu 'yan ƙunshin nan, waɗanda bakteriyar hanji suke tsunkulowa daga fatar jikinsu su saki. Tara su kaɗai ya ci mata wata guda: a raina bakteriyar, a tace, a sa a injin da yake juya kwalabe da gudu wuni guda, a ƙarshe a sami ɗan dabbare a gindin kwalba wanda sai an karkata ta wajen haske ake ganinsa. Yau ce ranar awo. Farantin da ya hau ɗakin marasa lafiya kuwa ba ya dawowa cikin akwatin nan, kuma awonsa ba ya shiga takardar bincikenta.

Ta tsaya da shi a hannu na ɗan lokaci. Sannan ta cika jakar roba da ruwan ɗumi, ta shimfiɗa tawul a kai cikin wani kwali, ta ɗora farantin, ta ɗauki kwalbar shuɗin ruwa da abin ɗiga shi, ta hau bene a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Baba ya dubi kwalin. "Yau kuma me aka dafa?"

"Tanki na kawo maka ka duba."

Ta jawo teburin cin abincin da ke kan gadon ta ajiye farantin. Ta buɗe baki za ta ce fatar nan ƙwayoyin halitta ne aka jera, sai ta ji kalmar tun kafin ta fito, ta haɗiye ta.

"Kowane kofi, gindinsa bango ne," ta ce. "Bulo ne aka jera, layi ɗaya, irin na cikin hanjinka. Tsakanin bulo da bulo akwai siminti. In simintin ya saki, abin da ke sama zai zubo ƙasa."

"Bulo masu rai."

"Masu rai."

Ya sa Yaya ta ɗaga masa filo, ya sunkuyo. "Ban ga komai ba."

"Ba a gani. Sai dai a zuba ruwa."

Wannan ya shige shi. Shekara arba'in haka yake yi: in an gama tanki, ba a tsayawa yabon shafe, cika shi ake yi, a ja layi da alli a bakin ruwan, a tafi a dawo.

Ta bayyana masa sauran. Duka an ba su abin da yake sassauta siminti. Shida an ƙara musu 'yan ƙunshin da masu ran nan na ciki suke saki, shida ba a ƙara ba. Za a ɗiga shuɗi a cikin kofi, a jira, a ga ko ruwan da ke ƙarƙashi zai canza launi.

"Waɗanda aka ƙara wa su ne..."

"Tsaya." Ya ɗaga hannu. "Kada ki gaya mini. Rubuta a takarda ki ba yayarki ta sa a jaka. Ni ban taɓa barin wanda ya yi shafe ya duba ruwa ba, ko ɗan'uwana ne. Kuma ba ke za ki zuba ba."

"Baba, abin yana son hannu."

"Ga mai zura zare a allura tun kina rarrafe."

Auta ta rubuta lambobi shida a bayan takardar magani ta ninke. Ta nuna wa Yaya yadda ake riƙe abin ɗigawar, da yadda ake jingina bakinsa a gefen kofi don kada ya taɓa rariyar. Yaya ta ɗiga sau goma sha biyu, hannunta ko rawa bai yi ba. Aka rufe farantin, aka mayar cikin tawul. Baba ya dubi agogonsa, ya jawo shi daga gwiwar hannu ya dawo da shi wurinsa.

"Awa nawa?"

"Uku."

"Tankin kirki kwana yake yi."

"Wannan ba zai kai kwana ba, zai mutu."

Suka zauna. Mai goge ƙasa ta zo ta wuce. A gadon can ƙarshe wani yana ta rigima da matarsa a kan wanda ya bar fanka a kunne. Sau uku Yaya ta kama Baba zuwa bayi, kowace dawowa sai ya fi daɗewa kafin numfashinsa ya daidaita. Da ƙarfe ɗaya wayar Yaya ta yi ƙara a cikin jaka, ƙararrawar kafso. Ta kashe ta da sauri. Hannun Baba ya tafi aljihu, ya tsaya a kai. Auta ta kau da ido ta dubi taga. Ba ta ji ƙarar takarda ba, amma hannun bai sauka ba sai da aka jima.

Ita kanta ba ta san abin da za a gani ba. A akwatin ɗumi, da injin awo, ta san yadda abin yakan fito. A kan tawul, da idon tsoho mai zazzaɓi, komai yana iya faruwa. In duka suka yi shuɗi, ta san maganar ta ƙare.

Ƙarfe biyu da rabi Baba ya ce lokaci ya yi. Auta ta ɗaga kofunan ɗaya bayan ɗaya ta jera a murfi, ta shimfiɗa farar takarda, ta ɗora farantin a kai. Baba ya sa tabaransa. Ya daɗe yana kallo, yana karkata kai, kamar yadda yake duban bango in yana neman inda ya jiƙe.

"Wannan ya yi yoyo," ya ce, yana nunawa da farce. "Wannan ma. Wannan ai ba tanki ba ne, kwando ne." Ya bi su har ya ƙirga bakwai. "Wannan yana gumi, amma bai zuba ba. Huɗun nan sun riƙe. Tela, buɗe takardar."

Yaya ta karanta lambobin. Huɗun da suka riƙe duk suna ciki. Mai gumin yana ciki. Na shidan kuwa yana cikin bakwai ɗin da suka yi shuɗi.

Baba ya ɗora farce a kansa. "Wannan an ba shi abin naki?"

"An ba shi."

"Me ya sa ya zuba?"

"Ban sani ba. Wataƙila an taɓa rariyar. Wataƙila tun farko bai haɗe ba."

"Ni ban taɓa komai ba," in ji Yaya.

"Wataƙila ni ce, tun a ƙasa."

Baba ya ɗauke farcen. "Biyar cikin shida," ya ce. "Waɗanda ba a ba su ba kuma ko ɗaya bai tsira ba."

"Haka ne."

"In an ɗura mini abin nan zan warke?"

"A'a. Ba a kai nan ba. A faranti aka gani, da jikin ɓeraye. A mutum ba a tabbatar ba tukuna."

"To amfaninsa me?"

"Masu yin sa suna cikinka, Baba, ba sai an ɗura maka ba. Sauransu dai. Abin da na tabbatar shi ne kafson nan yana kashe su. Wannan ba zato ba ne."

"Wato leburorin nake kora, ina jiran gini ya tashi."

"Kusan haka."

"Kusan." Ya cire tabaran. "Ke komai naki kusan ne."

Ya kwanta ya juya wa farantin baya. Auta ta tattara kofunan ta zuba a ledar da ake ƙonawa, ta ɗaure bakinta. Ruwan jakar ya riga ya huce. Tana naɗe tawul ta ji ƙarar takarda. Baba ya zaro kati biyu da rabi daga aljihu, bai juyo ba, ya miƙa hannu ta baya. Ta matsa za ta karɓa.

"Ba ke ba. Yayarki."

Yaya ta karɓa. Ya sake laluba ƙarƙashin filo ya fito da wani, sannan ya ce a duba cikin safar da ke cikin takalminsa.

Ranar Alhamis likitan ya zo da takarda a hannu. Zawon bai tsaya ba, sau goma sha ɗaya jiya, amma gwajin ya nuna abin da ya zata: wata muguwar bakteriya ce ta mamaye wurin da sauran suka bari, tana zuba dafi a kan gyambon. Ya dubi Baba ya tambaye shi kafson fa.

"Tambayi tela."

Yaya ta buɗe jaka ta nuna masa katunan, an ɗaure su da zare.

"Ba sauran wani a wani wuri?"

"Likita, har takalmina an shiga."

"To. Sati biyu. Ban ce an fasa ba, Baba, na ce an ɗaga. In cikin ya kumbura ko zazzaɓi ya hau, ko gobe ne za mu shiga." Ya zaro wani ɗan kwali daga aljihun farar rigarsa ya ajiye a tebur. "Wannan kuma za ka fara yau. Ƙwaya ce ta musamman, ita wannan muguwar take bi."

Baba ya dubi kwalin bai taɓa shi ba. "Wata ƙwayar."

"Wata ce daban."

"Ƙwaya ta kashe ƙwaya, sai wata ƙwaya ta samu wuri, yanzu a kawo ƙwaya ta kashe ta." Ya numfasa. "Ku mutanen nan, da ku aka ba gini, da yashi da siminti da tsakuwa duk suna ɗaya za ku sa musu."

Likitan ya yi ɗan murmushi, ya ce malama za ta yi masa bayani, ya wuce.

Auta ta ɗauki kwalin. "Baba, wannan yadda yake aiki..."

"Dakata." Ya juya wajen Yaya. "Daga yau in tana da magana a kan cikina, ta gaya miki, ki tambaye ta har ki gane, sannan ki gaya mini. Ni na gaji."

Auta ta tsaya da kwalin a hannu. Ba wasa a fuskarsa. Yaya ta gyara zama a kujerar roba, ta fuskance ta kamar mai ɗaukar awon riga.

"Ta sha ce ko ta ciki?"

"Ta sha."

"Tana kashe na kirkin?"

"Tana taɓa wasu. Ba kamar waccan ba."

"Sau nawa?"

"Huɗu a wuni."

"Har yaushe?"

"Kwana goma."

"Ran na sha ɗaya fa?"

"A daina. Ko ya ji daɗinta, ko bai ji ba."

"In ta ƙare a sayo wata?"

"A'a."

Yaya ta juya ta maimaita wa Baba duka, tiryan-tiryan, kamar ba a gabansa aka faɗa ba. Ya saurara ido a rufe.

"Ta rubuta a jikin kwalin," ya ce. "Da ranar dainawa. Da manyan baƙi."

Auta ta nemi biro a aljihunta ba ta samu ba, sai Yaya ta ba ta allin da take zana yadi da shi, shi kuma ya ƙi kama kwalin. Ta fita ta aro biro a teburin nas, ta dawo ta rubuta a tsaye. Yaya ta karɓa ta karanta da ƙarfi, ta gyara mata lamba ɗaya da ta yi kama da wata, sannan ta ɓallo ta farko. Baba ya karɓa ya juya ta a tafin hannu, ya dubi gaba da bayanta, ya ce a miƙo ruwa.